Atisayen sojan sama kan radiyeshan: amsa ta ƙarshe, don Allah

Bidiyon nan na sojojin waje da fararen kaya da takunkumi a filin jirgi ya zagaye guruf-guruf na WhatsApp daga Garwa har Marwa, kowa tambaya ɗaya yake turo min. Ga amsa.

Yaƙin nukiliya za a yi?

A'a. Atisaye ne kan radiyeshan, wato haske mai cutarwa da ido ba ya gani, wanda sinadaran nukiliya ke fitarwa.

To me ya haɗa sansanin jirage da radiyeshan?

Haɗari. A 1966 jirgin B-52 na Amurka ya yi karo da jirgin ba da mai a saman Palomares ta Sifen da bama-bamai 4 a cikinsa, biyu suka fashe suka watsa ƙurar fulutoniyam, sinadarin cikin bam ɗin, a gonaki, ba tashin nukiliya ba. A 1968 wani B-52 mai bama-bamai ya faɗi kusa da sansanin Thule a Girinlan.

Me suke koya?

Killace wuri, tsayawa ta ɓangaren da iska ke tahowa, awo da na'ura, tuɓe mutane a wanke su. Rage lokaci, ƙara nisa, samu abin da zai tare ka.

Madara ko manja na karya shi?

Haba jama'a. Ko ƙwayar ayodin ma ƙululun wuya kaɗai take karewa, daga guba iri ɗaya tak.

Mutum ya ji rauni ga ƙura a jikinsa, in taɓa shi?

To nan ne sai a hankali. Wanda hasken ya ratsa kawai ba ya shafa wa kowa, ba mura ba ce. Mai ƙurar a jiki shi ne zai iya shafa maka, amma duk da haka in jini na zuba tsayar da jinin tukuna, galibi rauni ya fi ƙurar saurin kisa. Rufe hanci, sa safar hannu ko leda, cire masa rigar sama a hankali ban da kakkaɓewa, wannan kaɗai kan tafi da kusan kashi 90. Ruwa da sabulu, kar a dirje fata. Sai dai in akwai wani ƙarfe ko gutsure a gefensa da ba ku san shi ba, ja mutumin nesa da abin kafin komai, kuma in masu na'ura sun iso maganarsu ce gaba da tawa.

Mu nan ina ruwanmu?

Wannan tambayar ce ya kamata ku fara yi. Goyaniya ta Barazil, 1987: 'yan gwangwan suka fasa tsohuwar na'urar asibiti, hodar siziyam, sinadari mai radiyeshan da shuɗin haske, ta bi gidaje, mutum 4 suka mutu. Ɗan'uwa mai sayen ƙarfe, ka ga ƙaramin abu mai nauyin tsiya da tambarin fanka mai kunne uku, kar ka fasa, kar ka kai gida. Matsa, kori yara, kira jandarma.