Ɗaukar bidiyon kanka kana karatu daga telefuramta: tambayoyi da amsoshi

Yaya mai karanta labarai yake kallon mu ido cikin ido, alhali karatu yake yi?

Da telefuramta yake yi, na'urar da ke nuna wa mai magana rubutu a gaban kyamara, kuma dabarar a gilashi take. Ana kafa gilashi a gaban idon kyamara, a karkace da digiri 45, a shimfiɗa waya ko kwamfutar hannu a ƙarƙashinsa tana kallon sama. Rubutun da ke gungurawa a fuskarta sai ya bayyana a jikin gilashin, kyamara kuma tana bayansa tana ɗaukar ka ba tare da ta ga ko harafi ɗaya ba. Gilashin na musamman ne, wanda aka fi samu shi ne mai lamba 70/30: kashi 70 na haske yana ratsawa zuwa kyamara, kashi 30 yana dawo maka da rubutu. Lokacin da aka fara amfani da telefuramta a talabijin ɗin Amurka a 1950, naɗin takarda ne inji yake juyawa.

Abu biyu ake yawan mantawa. Sai ka kunna juya rubutu a manhajar, in ba haka ba za ka gan shi a birkice kamar a madubi. Sai kuma ka rufe tsakanin gilashi da kyamara da baƙin ƙyalle ruf, domin ɗan hasken da ya kutsa ta baya yana dusashe rubutun, ya bar hazo a hoton.

Zan iya haɗa tawa da gilashin firam ɗin hoto?

Za ka iya, da kwali da gam. Sai dai gilashin gama-gari yana dawo da haske ta fuskokinsa biyu, don haka haruffan za su fito da inuwa, bibbiyu. Gwargwadon kaurinsa, gwargwadon munin abin. Nemi mafi siranta, ka ƙara girman haruffa.

In waya kaɗai gare ni fa?

Ta wadatar. Manhajoji irin su CapCut da BIGVU suna gungura rubutu a fuskar waya yayin da kyamarar gaba take ɗauka. Ja akwatin rubutun sama, ya manne da ɗigon kyamarar, ka bar layi biyu ko uku kawai. Da zarar ka karanta daga tsakiyar waya, mai kallo zai ga kamar ƙirjinsa kake kallo. Kafa wayar a kan sanda mai ƙafa uku daidai tsayin idonka, ka sa ta a yanayin jirgin sama kada kira ya katse maka ɗauka.

Me ya sa ake gane karatu nake yi?

Ido ne ke tona asiri. Yana tafiya daga hagu zuwa dama, ya yi tsalle ya dawo, layi bayan layi. Maganin farko nisa: matsa baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa uku, ka jawo hoton da gilashin kyamara mai tsawo, misali milimita 50 zuwa 85. Idan kana nesa, faɗin layin gaba ɗaya ɗan lungu ne a idonka, motsin ba ya fitowa. Na biyu, matse layin ya zama kalma huɗu zuwa shida, fari a kan baƙi. Na uku, daidaita layin da kake karantawa ya zauna daidai kan idon kyamara, kada ka bi rubutu har ƙasa.

Akwai kuma wanda tsoron ɓatan layi yake sandarar da shi, ba ƙiftawa, ba motsin kai, kamar mai hoton fasfo. Ƙifta, gyaɗa kai, motsa hannu yadda za ka yi in kana yi wa aboki bayani a majalisa. Motsin kai kaɗan ma yana ɓoye na ido.

Wane gudu zan sa wa rubutun?

Naka. Karanta rubutun da ƙarfi kana duba agogo, ka ga kalma nawa kake yi a minti ɗaya, sannan ka saita manhajar a kai. Yawancin mutane suna faɗawa wajen kalma 130 zuwa 150. Gudun da ba ya canzawa shi ke kashe murya, tunda ba wanda yake magana da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Gara ka riƙe ƙaramin rimot na Bluetooth a ƙasa inda hoto bai kai ba, ko ka sa wani ya riƙa gungura maka yana bin bakinka. Inda kake son numfasawa, bar layi guda babu komai.

Akwai abin da ya shafi rubutun Hausa musamman?

Sosai ma, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ka ci karo da "gari" a ƙarshen layi, ba ka san na zama ba ne ko na tuwo sai layi na gaba ya hau. Haka "kuka": ta miya ce, na hawaye ne, ko "kuka zo"? Don haka kada ka taɓa ɗauka ba ka karanta sau biyu da ƙarfi ba. Kalmar da ta yaudare ka, yi mata alama yadda kai za ka gane, ko ka ninka wasalin, "gaarii", ai ba mai ganin allon sai kai.

Duba ƙ, ɗ da ɓ kafin ka fara, don wasu nau'ikan haruffa suna mayar da su akwatuna ko alamar tambaya. Lambobi kuma rubuta su da kalmomi. Ido ya ga 1,250,000 sai harshe ya tsaya lissafi, amma "miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin" wucewa kawai za ka yi. Jimlar da ba za ka iya faɗa da numfashi ɗaya ba, raba ta.

Tabarau na yana ƙyalli, hoton kuma yana rawa.

Ɗaga fitilar sama da kanka, ka kawar da ita gefe, ka rage hasken allon rubutun. In bai tafi ba, ɗan ɗaga hannayen tabarau daga kan kunne, gilashin ya sunkuya. Rawar hoto kuwa daga lantarki take: wutar Najeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufin kyamara (shutter) a 1/50 na daƙiƙa. Kulle haske da saitin gani a kan fuskarka, ka maƙala ƙaramin makirufo kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, domin daga mita biyu makirufon wayar zai fi jin janareta a kan muryarka.

Na yi kuskure a tsakiya, sai na koma farko?

A'a. Bar kyamara tana aiki, ka tafa sau ɗaya, ka mayar da rubutun farkon jimlar, ka yi shiru na daƙiƙa biyu, ka sake. Wajen tacewa tafin zai fito kamar tsini a layin sauti, nan za ka yanka.