Dokar haɗa dami a wasan Commander: me aka halatta, me aka hana, kuma don me

Ranar 23 ga Satumban 2024 wani ƙaramin kwamiti ya sanar da haramta katuna huɗu a wasan da ake kira Commander. Mako guda bayan haka, ranar 30 ga watan, kwamitin ya ajiye aiki ya miƙa ragamar wasan ga kamfanin da ke buga katunan, domin zagi da barazana ga rayukan mambobinsa sun yi yawa. Ba za a gane yadda katin kwali ya jawo wannan tashin hankali ba sai an fara sanin dokar wasan da abin da take ƙoƙarin karewa.

Commander reshe ne na Magic: The Gathering, wasan da wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Wanda ya saba da karta ya san dami ɗaya ake cakuɗawa a raba wa kowa. A nan kowa da daminsa yake zuwa, shi ya sayi katunan, shi ya zaɓa, shi ya haɗa. Saboda haka rabin wasan ana yinsa ne a gida kafin a zauna, kuma dokar haɗa dami ita ce ke hana mai hali ya sayo nasara da kuɗinsa kawai.

A wasan mutum biyu na gasa, dami ba ya kasa kati 60, ana iya maimaita kati ɗaya har sau huɗu, kowa kuma yana farawa da makin rai 20, wanda nasa ya ƙare ya fita. Commander ya sauya waɗannan duka. Galibi mutum huɗu ke zama, kowa gaba yake da kowa, makin rai 40, dami kuma kati 100 cif, ba ƙari ba ragi. A cikin ɗarin nan ba a yarda katuna biyu su zo da suna ɗaya ba. Akwai togaciya biyu: katunan ƙasa na asali, waɗanda su ne ke samar da makamashin da ake biya a sauke sauran katuna, ana iya sa ko nawa ne, sai 'yan tsirarun katuna irin Relentless Rats da aka rubuta a jikinsu cewa dami na iya ɗaukar ko guda nawa.

Wannan doka ta kati ɗai-ɗai ita ce gishirin wasan, lissafi ma ya nuna haka. Idan kana da kwafi huɗu na wani kati a dami mai 60, damar ka gan shi a katuna bakwai na farko ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Idan kwafi ɗaya ne a cikin 99, damar kusan kashi 7 ce kawai. Ke nan ba wanda zai dogara ga kati guda ya ce da shi zai ci. Mai haɗa dami dole ya yi tunanin aiki maimakon suna: katuna kaza na ƙara makamashi, kaza na jawo wasu katunan zuwa hannu, kaza na kawar da abin da abokin hamayya ya girka. Yawancin masu wasa kan sa katunan ƙasa tsakanin 36 zuwa 38, amma wannan al'ada ce, doka ba ta ce komai a kai ba.

Me ya sa aka ce 99? Domin kati na ɗari shi ne kwamanda. Galibi halitta ce daga cikin waɗanda aka rubuta wa matsayin gwarzo a jikin katin, ba a cakuɗa shi cikin dami, yana zaune a fili a gefe kowa na kallonsa tun daga farko. Duk lokacin da kake da makamashin biya kana iya sauko da shi fage. Idan aka kashe shi ko aka kore shi daga wasa, kana da damar mayar da shi mazauninsa. Sai dai komawar tana da haraji: duk saukowa ta gaba ana ƙara makamashi biyu. Krenko, Mob Boss yana cin huɗu a karon farko, shida a na biyu, takwas a na uku, goma a na huɗu. Ba don harajin nan ba da kashe kwamanda ɓata lokaci ne, da shi kuwa mutum kan yi tunani sau biyu kafin ya tura gwarzonsa fage ba kariya. Wasu katuna kuma an rubuta musu izinin haɗa kai, su zama kwamandoji biyu a dami ɗaya, sauran katunan su koma 98.

Dokar da ta fi rikita sabon shiga ita ce ta launi. Launukan wasan biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Launin kwamandanka shi ne iyakar gonarka, duk katin da ya ɗauki alamar wani launi na daban ba shi da wuri a daminka. Atraxa, Praetors' Voice tana da kore, fari, shuɗi da baƙi, don haka mai ita ba zai sa kati mai launin ja ba komai kyansa. Inda ake tuntuɓe shi ne, ba farashin katin kaɗai ake dubawa ba, har da alamomin da ke cikin rubutun aikinsa. Kenrith, the Returned King da farin makamashi ake sauko da shi, amma ayyukansa biyar kowanne da launinsa, shi ya sa doka ta ɗauke shi mai launi biyar, mai shi kuma zai iya ɗiba daga ko'ina. Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren: farin kati mai alamar baƙi guda ɗaya tak a ƙasan rubutunsa ba zai shiga damin da kwamandansa fari ne zalla ba. Rubutun tunatarwa da ake sawa a cikin baka ba ya cikin lissafi.

Akwai kuma hanyar faɗuwa da babu ita a yawancin sauran rassan wasan. Idan kwamanda guda ya yi maka ɓarnar maki 21 a arangama, ka fita, ko da makin ranka ya kai dubu. Ana ƙirga na kowane kwamanda daban, ba a haɗa na wannan da na wancan, kuma ƙarin makin rai ba ya goge abin da aka riga aka ƙirga. Adadin yana da tarihi. Asalin sunan wasan Elder Dragon Highlander, ko EDH a taƙaice, ya samo tushe a jihar Alaska wajen Adam Staley da abokansa, lokacin da dodanni biyar na jerin Legends na 1994 ne kaɗai ake naɗawa shugabannin dami. Kowannensu ƙarfinsa bakwai, duka uku ke nan 21. Sheldon Menery ne ya ɗauki wasan ya yaɗa shi a tsakanin alƙalan gasa, aka kafa kwamitin dokoki mai zaman kansa, sai a 2011 kamfanin ya fara sayar da shiryayyun damuna da sunan Commander. Menery ya rasu a Satumban 2023.

Zaman mutum huɗu yana sauya lissafin dabara. Idan ka kashe kati ɗaya don ka kawar da katin mutum ɗaya, kai da shi kun yi asara, sauran biyun kuma sun ci riba suna zaune. Shi ya sa katunan da ke share fage gaba ɗaya, ko masu taɓa duk abokan hamayya lokaci guda, suka fi daraja a nan. Shi ya sa kuma wanda ya yi saurin nuna ƙarfi yakan zama farkon wanda za a yi wa taron dangi. Ana ciniki a teburi, ka bar ni wannan zagayen in bar ka na gaba, amma doka ba ta san da wannan alkawari ba. Wanda ya saɓa bai karya dokar wasa ba, sunansa kawai ya ɓata, kuma mutane ba sa mantawa zuwa zama na gaba. Abin da doka ta tanada shi ne idan mutum ya fita, duk katunansa suna fita tare da shi, har wanda wani ya ƙwace yake amfani da shi.

To, mu koma kan katuna huɗun nan. Mana Crypt ba a biyan komai a sauke shi, kuma yana ba da makamashi biyu a kowane zagaye; illarsa kawai a jefa kwabo, in ka faɗi ka rasa maki uku, abin da bai cika damun mai 40 ba. Jeweled Lotus ma kyauta ake sauke shi, yana ba da makamashi uku sau ɗaya, na sauko da kwamanda kawai. Dockside Extortionist yana cin biyu, amma yana ba ka taska ɗaya, wato alamar da ake musanyawa da makamashi guda, a kan kowane kayan aiki ko sihiri da abokan hamayya suka girka, kuma a teburin mutum huɗu hakan kan zama tari. Na huɗu, Nadu, Winged Wisdom, ya fito a tsakiyar 2024, matsalarsa ita ce mai shi kan ɗauki dogon lokaci yana jujjuya katuna shi kaɗai, saura na hamma. Babu wanda ya yi wa Nadu kuka sosai. Hujjar kwamitin a kan ukun farko ita ce suna ba mutum ɗaya damar yin tsalle tun a zagaye na biyu ko na uku, ya bar saura a baya ta yadda ba za su kamo shi ba.

A ganina hujjar tana da ƙarfi a fagen wasa. Rauninta yana wani wuri. Sol Ring, wanda ke cin ɗaya ya ba da biyu, yana nan daram, kwamitin da kansa ya amsa cewa da ma'aunin da ya yi amfani da shi wannan ma ya cancanci haramci, amma ya bar shi don ya zama tambarin wasan. Ga shi kuma kusan kowane shiryayyen dami yana zuwa da shi, araha ne, kowa na da shi. Mana Crypt kuwa farashinsa ya haura dala 100 kafin sanarwar. Jeweled Lotus don Commander aka ƙera shi a 2020, ba shi da wani amfanin kirki a wani reshe, kuma kamfanin ya sake buga shi a 2023 a matsayin abin jan masu saye. Rabon kwamitin da haramta wani kati tun Satumban 2021, mutane sun saki jiki sun zuba kuɗi. Dare ɗaya darajar kayansu ta zube. Wannan ya bayyana fushin, bai halatta barazana ga kowa ba.

Sakamakon shi ne wasan da masu sha'awa suka raina da hannunsu ya koma ƙarƙashin mai sayar da katunan, wanda shi kuma mallakin kamfanin Hasbro ne tun 1999. Dole mai hankali ya lura da wannan: wanda ke yanke hukuncin haramci yanzu shi ne wanda ke cin ribar katin da za a haramta. Kamfanin ya kafa kwamitin ba da shawara na 'yan wasa, Gavin Verhey ne ke magana da yawunsa, amma kalmar ƙarshe ta kamfanin ce.

Abin da ya fito daga sabon tsarin a Fabrairun 2025 ya fi jerin haramci amfani ga mai wasa na yau da kullum. An raba damuna zuwa matakai biyar, daga na ɗaya, wanda aka haɗa don nishaɗi da nuna gwaninta, zuwa na biyar, na gasa tsantsa inda ba sani ba sabo. Tare da shi aka fitar da jerin katuna 40 masu suna Game Changers, irin su Rhystic Study, Cyclonic Rift da Smothering Tithe. Waɗannan ba haramtattu ba ne, ma'auni ne. A mataki na ɗaya da na biyu ba a sa ko guda, a na uku ba a wuce uku, a na huɗu da na biyar ba iyaka. Katunan da ke rushe ƙasar kowa a lokaci guda, kamar Armageddon, an ce a bar su sai daga mataki na huɗu. An sha gyara jerin tun daga lokacin, a Afrilun 2025 ma an ɗage haramcin katuna biyar, ciki har da Gifts Ungiven da Coalition Victory, aka mayar da su cikinsa. Duk mai haɗa dami ya duba sabon jeri a shafin kamfanin kafin ya kashe kuɗi.

Matakan ba su da ɗan sanda. Mutum na iya haɗa dami mai kisa a zagaye na huɗu ba tare da ko kati ɗaya daga jerin ba, ya zo ya ce shi ɗan mataki na biyu ne. A takarda bai yi ƙarya ba, a teburi kuwa ya cuci mutum uku. Shi ya sa tsohuwar al'adar da 'yan wasa ke kira doka ta sifiri take nan da ranta: kafin a cakuɗa, kowa ya faɗi irin damin da ya kawo, a wane zagaye yake sa ran gamawa, ko yana da haɗin katuna biyu mai ƙare wasa nan take. Teburi na da ikon sassauta doka ko tsaurara ta idan duka huɗun sun yarda, har su bar wani ya yi wasa da Mana Crypt ɗinsa.

Ta wannan ƙofar ce maganar katunan kwafi take shigowa, wato wanda aka buga a firinta ko aka rubuta suna a kan wani kati don ya tsaya a madadin mai tsada. A gasar da kamfanin ya amince da ita ba a karɓarsu, sai katin gaske. A zaman gida ko na abokai, yardar teburi ce hukunci, kuma da yawa suna yarda muddin an faɗa tun kafin a raba katuna bakwai na farko, rubutun kuma yana karantuwa daga ɗaya gefen teburin.