Inshorar lafiya da shawarar likita kan ƙibar yaran Hispanik a Amurka

Hispanik su ne mazauna Amurka masu asali daga ƙasashen da ake magana da Sifaniyanci, irin su Meksiko, Kuba da tsibirin Puerto Rico. Ƙiba ta addabi yaransu. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, na 2017 zuwa 2020 sun nuna kashi 26.2 cikin ɗari na 'yan shekara 2 zuwa 19 suna fama da ita, alhali a cikin yaran fararen fata kashi 16.6 ne. Abin tsoron shi ne ciwon suga da kitsen hanta tun da ƙuruciya.

Rigakafin yana farawa ne a ɗakin likita: a auna tsayin yaro da nauyinsa, a tambayi uwa yawan lemon kwalbar da yake sha da awannin da yake yi gaban talabijin. Da yawa daga yaran nan suna ganin likita ne ta shirin Medicaid na 1965 ko CHIP na 1997, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta wajabta wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin awon da shawarar, ba tare da iyaye sun ƙara ko kwabo ba.

Sai dai yaran Hispanik suna cikin waɗanda suka fi rasa inshora, musamman a jihar Texas. Wani yaron haifaffen Amurka ne, yana da cikakken haƙƙi, amma iyayensa ba su da takardun zama, suna tsoron cike fom. California ta buɗe shirinta na Medicaid, mai suna Medi-Cal, ga yara marasa takardu a 2016. Jihohi da yawa ba su yi ba.

Ko da katin inshorar yana hannu, da sauran rina a kaba. Kwamitin ƙwararru kan rigakafin cututtuka na Amurka, USPSTF, ya ce yaro mai ƙiba, daga shekara 6, yana bukatar aƙalla awa 26 na zama da masu ba da shawara kafin a ga amfani. Ina uwar da ke aiki biyu za ta samu wannan lokaci? Ga matsalar harshe, har wani lokaci yaron da ake magana a kansa shi ne tafinta. Ga kuma al'ada: kaka tana kiran jikanta "gordito", wato ɗan lukuti, cikin so da alfahari. Shi ya sa wasu asibitoci ke aiki da "promotoras", matan unguwa masu jin Sifaniyanci da ke bin gida-gida suna koyar da girki da tsarin cin abinci.