Kuɗin Sufuri a Kaduna: Baitulmali, Bashi da Aljihun Fasinja

Kuɗin da ake gina hanyoyin sufuri da kula da su a Kaduna daga wurare uku yake fitowa: kasafin gwamnati, bashi, da abin da mai bin hanyar yake biya. Sai dai nauyin da kowannensu ke ɗauka ya sha bamban tsakanin titi, dogo, sama da ruwa.

Babban titin Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano na Gwamnatin Tarayya ne. A da akwai shingayen karɓar kuɗin hanya a kan irin waɗannan tituna, har gwamnatin Olusegun Obasanjo ta soke su a 2003. Daga nan cike ramuka ya rataya a wuyan hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, wadda aka kafa a 2002, ita kuwa sai abin da kasafi ya ba ta. Direban da ya yi lodi a tashar Kawo yana biyan kuɗin takardun mota ga jiha, yana biyan na ƙungiya da na 'yan kamasho, amma babu ko kobo a ciki da aka ware wa kwaltar da yake takawa. Wannan giɓi ne ya sa aka koma cin bashi a cikin gida: a 2017 gwamnati ta sayar da takardun Sukuk, wato na bashi bisa tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 don aikin tituna, kuma titin kewaye na gabashin Kaduna yana cikin waɗanda suka ci moriyar tsarin.

A layin dogo ne abin ya fi fitowa fili. Layin Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, mai tsawon kilomita 186, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, Najeriya ta cika sauran. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a Yulin 2016. Kuɗin tikiti na shiga asusun hukumar jiragen ƙasa ta NRC, ana sayen man dizil da gyaran taragai. Biyan bashin kuwa aikin baitulmali ne, wato har da wanda bai taɓa taka Rigasa ba. Cuwa-cuwar tikiti a bakin tasha ta sa aka fara sayar da shi ta intanet a 2021. Bayan harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022, ya tsaya cak har Disamba: kuɗin shiga ya ƙafe, bashi kuma bai tsaya ba.

Jirgin sama ne ya fi kusa da ciyar da kansa. Hukumar FAAN, mai kula da filin jirgin Kaduna, tana karɓar kuɗin sauka da na ajiye jirgi da na hidimar fasinja. Akwai kuma kashi 5 cikin 100 na farashin tikiti da hukumar sa ido kan sufurin sama ta NCAA ke tarawa, a raba wa hukumomin fannin, ciki har da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya. Duk da haka manyan ayyuka sai gwamnati ta sa hannu, kamar gyaran da aka yi wa filin a 2017, lokacin da aka rufe filin Abuja, ya karɓi jiragensa na makonni shida.

Ruwa kam ba shi da yawa a lissafin. Hukumar NIWA da ke Lokoja ce ke ba da lasisin jiragen ruwa na cikin gida, amma a Kogin Kaduna kwalekwale ne ke fito, fasinja ya miƙa wa mai jirgi kuɗinsa hannu da hannu.