Tsofaffin Motocin Wasa Masu Batir: Tambayoyin Da Ake Yawan Yi Min

Tun da mutane suka san ina tara tsofaffin motocin wasa na ƙarfe ina gyarawa tambayoyi basa ƙarewa, wani ya tsinci mota a akwatin mahaifinsa, wani ya gani a kayan gwanjo ya saya. Ga amsoshin waɗanda aka fi maimaitawa.

Wai wace iri ce ake kira tsohuwar mota, ko duk wadda ta daɗe?

A'a. Idan masu tarawa suka ce tsohuwar mota mai batir yawanci suna nufin na Japan ne, waɗanda aka yi tsakanin shekarun 1950 zuwa ƙarshen 1960, jikinsu langa-langa ne irin na gwangwani, an buga musu zanen tun kwanon yana shimfiɗe kafin a lanƙwasa shi ya zama mota. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta talauce sosai, har wani maƙeri Matsuzo Kosuge ya riƙa tsinto gwangwanayen da sojojin Amurka suka zubar yana yin ƙaramar jif da su a 1945, kuma wallahi duk sanda na tuna wannan sai na tuna motar gwangwani da ta kara da muke yi muna yara, basirar ɗaya ce. Daga nan kamfanoni irin su Nomura da Yonezawa da Bandai da Alps da Masudaya suka cika kasuwar Amurka da Turai. Masudaya ce ta fitar da bas ɗin Radicon a 1955 wadda ake tuƙawa daga nesa babu waya. Jamus ma tana da Schuco na birnin Nuremberg. Da aka shiga shekarun 1970 roba ta kore ƙarfe, aikin ya koma Hong Kong da Taiwan da Sin.

Ta yaya zan gane wanda ya yi tawa?

Juya ta ka duba ƙasa ko bayan but, ko kusa da lambar mota, ka nemi tambarin kamfanin. TN na Nomura ne, TM na Masudaya, harafin Y a cikin fure na Yonezawa. In kaga ME da lamba a gaba toh ta Sin ce mai batir, su ma ana tara su amma basu kai na Japan kuɗi ba.

Na saka sabon batir bata motsa ba, ta mutu kenan?

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna, don Allah a yi haƙuri. Mafi yawan motocin da suka zo hannuna a mace ba injin ne ya ƙone ba, datti ne kawai. Fara da gidan batir, waɗannan ƙarafan da batir ke taɓawa sun yi tsatsa ko sun yi fari-fari, ka goge su da samfefa mai laushi har sai sun yi haske, ka ɗan ɗago su in sun kwanta don su matse batirin da kyau. Sai makunni, shi ma yana yin tsatsa a ciki, ka kunna ka kashe kamar sau ashirin ko talatin. In har yanzu shiru ka kunna ta sannan ka juya taya a hankali da yatsa, sau da yawa tsohon giris ne ya daskare shekara hamsin ya riƙe giya kamar danƙo, da ka taimaka mata kaɗan sai kaji ta yi ƙara ta tashi. Ranar farko da wata motar 'yan sanda ta yi min haka fitilar samanta ta kama, na daɗe ina kallonta kawai. Amma in ka ji injin yana gunji baya juyawa ka kashe nan take, zai yi zafi ya ƙone.

Batir ya fashe a ciki ya bar farin gari, me zan wanke da shi?

Ya danganta da irin batirin. Na alkalin irin su Duracell abin da suke zubarwa ɗan uwan kanwa ne, don haka abu mai tsami ke kashe shi, ruwan lemon tsami ko khal a jikin auduga. Batirin tocila na gargajiya irin Tiger Head kuma nasa ruwan mai tsami ne, shi bekin soda da ɗan ruwa ake sa masa. Kowanne ka yi ka goge da tsumma ka bari ya bushe sarai, kuma kar ka taɓa ido kafin ka wanke hannu.

Zan iya haɗa ta da batirin waya ko caja don ta fi gudu?

Kar ka yi. Yawancinsu babban batir biyu suke ci, kowanne bolt 1.5, wato 3 kenan. Batirin waya 3.7 ne, in ya cika yakan kai 4.2, caja kuma 5, ƙananan kwararan fitilar ne zasu fara mutuwa sannan injin ya biyo baya.

Ya ake buɗe ta tunda babu noti?

Da 'yan ƙananan kunnuwa na ƙarfe aka haɗa ta, a zura a rami a lanƙwasa. Kunnen nan sau biyu ko uku kawai yake jure lanƙwasa sai ya karye, in ya karye kuma shikenan babu mai mayar da shi kamar da. Shi yasa ni bana buɗewa sai na gwada komai daga waje ya ƙi. In dole ne, ka ɗago kunnen iya yadda zai fita kawai, kada ka miƙe shi tsaf, kuma ka ɗau hoton wayoyin kafin ka taɓa komai don in ka juya su motar baya zata riƙa yi. A ciki abin da ake yawan samu shi ne wayar da dalmarta ta saki, ko ƙaramar giyar kan injin ta tsage tana zamewa. Dalma duk mai gyaran rediyo zai ɗora maka, sai dai ka zauna a gabansa kar ƙarfen dalmar ya taɓa zane. Mai kuma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan kowace giya ya isa, in ya yi yawa ƙurar hunturu zata manne ta koma laka.

Fentin ya goge, in kai a fesa sabo?

Wannan tambayar tana min ciwo. Zanen nan bugawa aka yi da inji, har fuskar direba da agogon gaban mota, babu mai fentin da zai iya maido shi, kuma masu tarawa sun fi son mota mai ƙwarzane ta asali a kan wadda aka fesa. Tsumma mai laushi da ɗan danshi kawai, kada fetur kada tina su kusance ta. Kwalinta ma kar ka yar ko ya yage, mota da kwalinta na asali ta fi wadda babu daraja nesa ba kusa ba.

Zan iya ba yarona ya yi wasa da ita?

Ka nuna masa tana tafiya a gabanka, zai ji daɗi musamman masu buga bango su juya da kansu, waɗanda wata taya mai juyawa a ƙarƙashinsu ke canza musu hanya. Amma kar ka bar masa, bakin kwanon yana yanka, kuma tsohon fenti na wancan zamani ana iya samun dalma a ciki, yaro kuwa komai baki yake kaiwa.

A ina zan ajiye ta?

Wuri mai bushewa da rana bata dukansa, rana tana koɗe launi tana busar da robar taya har ta tsattsage, damina kuma danshi ke kawo tsatsa, ni cikin kabad mai gilashi nake sawa da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Duk bayan wata biyu ko uku ka fito da ita ta yi tafiyar minti ɗaya don giris kar ya sake daskarewa, in ta gama ka cire batirin kafin ka mayar.