Bayan shan maganin fitar da ƙwai, yaushe ya dace a sadu?

Tambayoyin nan su ake maimaita mini kullum, don haka na haɗa su wuri guda.

Na gama shan Clomid, maganin fitar da ƙwai, yaushe ƙwai zai fita?

Tsakanin kwana 5 zuwa 10 bayan ƙwayar ƙarshe, haka kuma letrozole, wani maganin fitar da ƙwai, yake. Lissafin wata yana farawa ne daga ranar da jinin al'ada ya zo sosai, ba daga ranar wankan tsarki ba.

Dole ne a sadu kullum?

A'a. A riƙa tsallake rana ɗaya har tsawon mako guda, daga kwana na 5 bayan gama magani. Maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa ba ya wuce awa 24, saboda haka saduwar da ta riga fitarsa ta fi amfani.

Wata biyu shiru, in ƙara yawan ƙwayar?

Wa ya ba ki wannan izini? Masu saye a kemis suna ninkawa da kansu su ne suke zuwa mana da kumburin ciki. Idan ganinki ya fara dishi-dishi, ki daina sha, ki ga likita a ranar.

Ina da abokan zama, ranakun kuma ba sa dacewa da girkina. Yaya zan yi?

Amsar ta danganta da yawanku. Idan ku biyu ne kuna kwana bibbiyu, ki kwantar da hankalinki, domin tazarar kwana biyu ba ta kai a damu ba. Idan ku uku ne tazarar ta zama kwana 4, wadda take kan iyaka, idan kuwa ku huɗu ne ta kai 6, ta zarce rayuwar maniyyi ke nan. A nan kintace ba zai wadatar ba. Ki gaya wa likita tsarin gidanku ba tare da kunya ba, ya bi ƙwan da sikanin, in jakarsa ta kai wajen milimita 18 zuwa 20 yana iya ba da allurar hCG, wadda take sa ƙwai ya fita bayan kimanin awa 36. Mai yiwuwa ya ɗan daidaita ranar allurar, amma ƙwan da ya nuna ba ya jiran girki ya zagayo. Tsinken gwajin fitsari na LH, sinadarin da yake ƙaruwa a jiki gab da fitar ƙwai, yana taimakawa, sai dai yana ruɗin masu PCOS (matsalar rikicewar sinadaran jiki da take hana ƙwai fita a kan kari) da waɗanda suka fara gwaji kafin kwana 3 da gama Clomid. Abin da ya rage shi ne musayar kwana da yardar abokiyar zama, kuma sananne ne cewa Uwar Muminai Sauda ta bar wa Nana A'isha kwananta. Ko zaman gidanku zai ɗauki wannan roƙo, ke da maigida kuka fi ni sani.

Na yi gwajin ciki kwana 6 bayan allura, ya nuna layi biyu.

Allurar ce tsinken ya gani, domin sinadarin hCG da ke cikinta shi ne gwajin ciki yake nema. Ki jira kwana 14 daga ranar allurar ki sake.

Har wata nawa zan yi ta sha?

Yawanci ba a wuce zagaye 6. Kafin ma a kai can, an auna maniyyin maigida? Idan ba a auna ba, da shi za ki zo ranar asibiti mai zuwa.