Waiwaye: Yadda Sola Ta Sauko Daga Sararin Samaniya Zuwa Rufin Gida

Tun a 1839 wani matashi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske na iya haifar da lantarki, amma sai da aka shafe fiye da shekara 100 kafin abin ya yi amfani. A 1954 masana a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka suka ƙera ƙwayar silikon mai juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana zuwa wuta. Don tsada, babu magidancin da ya ko taya. Masu harba tauraron ɗan Adam ne suka rungume ta, tunda can sama ba a jan waya, ba a kai mai. Vanguard 1 da aka harba a 1958 da sola rediyonsa ya yi ta aiki.

Rikicin man fetur na 1973 ya sa gwamnatoci suka waiwayo. Shugaban Amurka Jimmy Carter har ya sa aka kafa farantan sola a rufin fadar White House a 1979, kodayake na dumama ruwa ne. A 1986, zamanin Ronald Reagan, aka sauke su, lokacin mai ya yi araha.

A ganina, doka ce ta kai sola gidajen mutane, fiye da duk wani bincike. Japan ta fara tallafa wa magidanta a 1994. Jamus kuwa a 2000 ta tilasta wa kamfanonin wuta sayen lantarkin da rufin mutum ya samar, a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Daga nan mai gida ya iya zama da biro ya lissafa yaushe kuɗinsa zai dawo, banki ma ya yarda ya ba shi rance. Da masu saye suka yawaita, sai Sin ta gina manyan masana'antu, yau ita ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya. Wat ɗaya (ma'aunin ƙarfin lantarki) na sola da ake sayarwa kusan dala 76 a 1977, yanzu bai kai rabin dala ba. Jamusawa ne suka biya tallafin da dokarsu ta 2000 ta tanada a takardar kuɗin wutarsu, sauran duniya ta sha romo.

Yanzu faranti ba shi ne ciwon kai ba. Yakan zo da garantin shekara 25, abin da yake nema kawai a share masa ƙura, kada inuwar bishiya ta faɗo masa. Kuɗin yana tafiya ne a inbata (na'urar da ke mayar da wutar faranti irin wadda ake amfani da ita a gida) da batir da ladan mai haɗawa, kuma inbata da batir kan riga faranti gajiya.

Lissafin sayar wa kamfani ma ya canja. Da tsakar rana kowane rufi na zubo wuta, sai darajarta ta faɗi, shi ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta zaftare abin da ake biyan sababbin masu sola a 2023. Riba ta koma ga wanda zai adana wutarsa zuwa dare, kuma an yi dace farashin batirin litiyom ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100 tun 2010. A Ostireliya kusan gida ɗaya cikin uku na da sola. A Pakistan kuwa tsadar wuta da yawan ɗauke ta ne suka sa jama'a suka yi rububin faranti a 2024, ba su jira tallafin kowa ba.